Tsaunin da Aka Cire daga Sarƙa

Gidan yana kan tsauni na ƙarshe, can a wutsiyar tsaunukan da suka taso daga nesa suka ratso ƙasashe, har suka zo suka gaji a bayan gari. Mutum biyu ne a cikinsa: Baba, tsohon malamin labarin ƙasa, da babbar 'yarsa, wadda kowa yake kira Yaya ban da shi. Shi Sifiri yake ce mata. Tana ƙaramar sakandare ta ci sifiri a jarrabawarsa, ya karanta makin a gaban aji, sunan ya manne mata. Yanzu furfura ta fara leƙo mata, aurenta ya daɗe da mutuwa, ita take dafa masa, ita take masa wanki, ita take ɗiga masa maganin ido, amma sunan yana nan daram.

Sana'arta dashe. A bayan gidan akwai idon ruwa da ke tsattsafowa daga gindin wani falalen dutse, ko da rani ba ya ƙafewa. Da shi take renon 'ya'yan itatuwa a baƙaƙen ledoji, lemo da mangwaro da gwaba, ta jera su a ƙarƙashin rumfa, masu lambu su hawo su saya. Da wannan ake ci a gidan, don fanshon Baba a littattafai da tawada yake ƙarewa. Filin na hukuma ne, zama kawai aka bar su suna yi tun Baba yana koyarwa. Yaya ba ta da wani wuri a duniya, ba ta kuma iya wata sana'ar ba.

Abin da ya tsare su shekara da shekaru doka ce guda: ba a fasa dutse a duk tsaunin da yake cikin sarƙar tsaunukan nan. Akwai kuwa wani kamfanin fasa dutse da ya daɗe yana lasar baki a kan tsauninsu. Tsakanin tsaunin da na bayansa akwai wani dogon tudu da ya haɗa su, wanda mutane suke kira wuya. Bara kamfanin ya sami kwangilar fitar da hanya, kuma duk faɗin filin Allah da ke gefe bai ishe su ba, sai ta wuyan nan suka ga damar bi. Suka kawo katafila da nakiya suka tsaga shi har ƙasa. Kwalta ba ta gama bushewa ba suka kai buƙata gaban kwamitin filaye, wai tsaunin nan yanzu zaman kansa yake yi, ba ya cikin sarƙa, a ba su su fasa.

Injiniyan da ya zana hanyar shi ne Auta, ƙanen Yaya, wanda ta goya bayan rasuwar mahaifiyarsu.

Ana saura 'yan kwanaki kwamiti ya zauna, Auta ya hawo da motarsa, da sabuwar kwat a leda. Ya durƙusa ya gaida Baba da ladabin da Yaya ta manta rabon da ta gani a wurinsa.

"Baba, kwamiti ya rasa yadda zai yi. Sun ce ba wanda zai fayyace musu mene ne sarƙar tsaunuka sai wanda ya rubuta littafi a kanta. Na ce musu ai mahaifina ne. Kai suke so ka zo ka yi bayani."

Baba ya gyara zama. Tun da ya ajiye aiki ba wanda ya tambaye shi ko sunan kogi.

"Wa kuma suka kira?"

"Ba kowa. Sai dai Dakta, shi ma zai ɗan ce wani abu."

Fuskar tsohon ta haɗe. Dakta tsohon ɗalibinsa ne, wanda ya je jami'a ya karanta ilimin duwatsu, ya dawo ya rubuta a jarida cewa ma'anar sarƙa da ke littafin Baba ta tsufa. Shekaru sun wuce, amma a gidan nan ba a ambatar sunansa a lokacin cin abinci.

"To, zan zo," in ji Baba. "Miƙo kwat ɗin in gani."

Yaya ta tare Auta a gindin rumfar dashe, hannunta duk taɓo.

"Auta, me kake shirin yi?"

"Me na yi, Yaya? Girmama shi aka yi."

"Ka san abin da ke littafinsa. Ni da na ci sifiri ma na sani. Ka yanke wuyan tsauni, yanzu ka zo ka ɗauki tsoho ya je ya faɗa da bakinsa."

Ya yi murmushi, yana kakkaɓe ƙura daga takalminsa. "Ba wanda zai sa masa magana a baki. In ya ga dama ya ce Dakta ne da gaskiya, shi ke nan, kun ci gida, ni na faɗi. Kin ga ai na ba shi zaɓi."

"Ni na wanke maka kashi, Auta."

"Na gode. Ki goge masa takalmi ranar, kar ya je da ƙura."

Ya tsallake layin lemon da ta dasa jiya, dunduniyarsa ta taka leda ɗaya ta fashe, bai waiwaya ba.

Washegari da hantsi tana yanke wa Baba farce a baranda, ta ga dama ta samu, don in tana riƙe da hannunsa ba ya iya tashi ya bar ta.

"Baba, ka san sun yanke wuya."

"Na ji ƙarar nakiya. Ido ne ya yi rauni, ba kunne ba."

"To in suka tambaye ka, me za ka ce?"

Tambayar da ya daɗe yana jira ke nan, ko daga bakin wa ta fito. Ya ɗaga ɗaya hannun kamar yana gaban allo.

"Saurara, ko Allah zai sa yau ya shiga. Tsaunin da ya tsaya shi kaɗai a fili, tilo ne. In suka taru suka cure wuri ɗaya ba tsari, gungu ke nan. In suka yi layi, kafaɗa da kafaɗa, jeri. In jeri ya kama jeri, wannan ya kama wancan, suka miƙe har suka ratsa ƙasashe, ita ce sarƙa. Yaya ake gane tsauni yana cikinta? Ki taka daga kansa zuwa kan na kusa da shi, ƙafarki ba ta sauka fili ba. In ta sauka, ya fita. Shekara nawa ina faɗin wannan?"

"Yanzu kuwa ƙafa tana sauka, Baba. Har kwalta take takawa."

Ta kama ɗan yatsa na gaba.

"Mutum ne ya yanke shi, ba haka Allah ya yi shi ba," ta ce a hankali. "Ka ce musu a ƙarƙashin kwaltar dutsen ɗaya ne. Ka ce saiwarsu ɗaya. Kalma biyu ce kawai."

Ya fizge hannunsa, har almakashin ya kusa yankarsa.

"Saiwa? A gidana? Wannan ai maganar yaron nan ce. Da shi kika haɗa baki?"

"Ban taɓa magana da shi ba. Gidan nake ji. In suka karɓe tsaunin nan, ina za mu? Ruwan nan fa? Dashena fa?"

"Ana maganar ilimi kina maganar leda." Ya miƙa mata hannun kuma. "Ƙarasa. Kin bar ɗan yatsa ɗaya."

Ta ƙarasa. Haushi ya cika mata ciki, amma a zuciyarta ta riƙe wani ɗan guntun sa rai da bai kamata ta riƙe ba. Ta ce a ranta, komai taurin kansa, in ya tsaya a gaban mutane ya ga gidan da matarsa ta rasu a ciki zai tafi, zuciyarsa za ta karye. Wanda ya zauna da Baba rabin rayuwarsa bai kamata ya yi wannan tunanin ba, amma mai tsoro da komai yake kamawa.

Ranar zaman, ta goge takalmin, ta ɗaura masa kwat ɗin, ta zuba shayi a filas, ta riƙe masa hannu har cikin zauren. Zaure ne na ofishin filaye, da dogon tebur da fanka mai kuka, da babbar taswira a bango. Mutanen kamfani suna dama, Auta a tsakiyarsu. Masu lambu da 'yan unguwar gindin tsaunin suna hagu, don su ma ruwan da suke sha daga can yake gangarowa. Aka ba Baba kujerar gaba. Yaya ta sami gefen benci a baya, filas a cinya.

Dakta aka fara kira, kuma wannan ma shirin Auta ne. Mutum ne mai sanyin murya, kansa ya fara sanƙo. Ya tashi da 'yan duwatsu biyu a hannu, ɗaya daga tsaunin gidan, ɗaya daga na bayansa, ya ajiye a gaban shugaban kwamiti.

"Ranka ya daɗe, ka duba su. Iri ɗaya ne, shekarunsu ɗaya, lokaci guda ƙasa ta tunkuɗo su. Sarƙa ba abin da ido yake gani a sama kaɗai ba ce. Abin da ya haɗa su yana can ƙasa, inda katafila ba ta kaiwa. Don an tsaga hanya a tsakani, tsaunin bai fita daga danginsa ba."

Masu lambu suka yi ta gyaɗa kai. Yaya ta ji numfashinta ya dawo. Da Dakta ya zauna a nan, da wataƙila an rabu lafiya. Amma mutumin kirki ne, kuma kirkinsa ne ya kashe su. Ya juya wajen Baba ya ɗan rusuna.

"Ga malamina nan, a hannunsa na fara jin kalmar sarƙa. Ma'anar da ya koya mana ta yi amfani a zamaninta, ta dace da yara 'yan makaranta. Na tabbata shi ma yau zai yarda ilimi ya ci gaba."

Daga inda take, Yaya ta ga ƙeyar Baba ta miƙe. Ta kalli Auta. Kansa yana sunkuye, yana wasa da murfin biro, yana danne dariya.

Aka kira Baba. Ya ƙi sandar da aka miƙa masa, ya taka har gaban taswirar da ba ya iya gani sosai, ya kafa yatsa a kai, kuma daidai wurin ya kafa. Gaskiya ita ce, ya iya. Muryarsa ta dawo irin ta da, wadda take sa aji ya yi tsit. Ya bi da su daga tilo zuwa gungu, daga gungu zuwa jeri, daga jeri zuwa sarƙa. Ya ce sunayen nan ba don ado aka yi su ba. An yi su ne don matafiyi ya san inda zai hau da inda zai sauka, makiyayi ya san inda tudu zai kai shi, mai zana taswira ya san inda zai tsayar da alƙalaminsa.

"In muka bi ta ƙasa," ya ce, yana fuskantar inda yake jin Dakta yake, "ai duk duniya dutse ɗaya ce. Sai mu ce tsakuwar da ke cikin takalmina ma tana cikin sarƙa. Ana ba wa abu suna ne da abin da ido ya gani, ƙafa ta taka. Wanda yake son ya san abin da ke ƙarƙashin ƙasa, ya yi haƙuri, duk za mu je."

Zauren ya fashe da dariya, har da masu lambun da ake shirin kashe wa ruwa. Baba ya tsaya ya sha dariyar nan kamar mai ƙishi.

Shugaban kwamiti dattijo ne, kuma da alama ya san inda maganar ta dosa, bai kuma so ba. Ya cire tabarau.

"Malam, mun ƙaru. Amma bari in tambaye ka kai tsaye, kuma ka yi tunani kafin ka amsa, don amsarka za mu ɗauka. Kwamiti ya rabu biyu, kai ne za ka raba gardama. Tsaunin da gidanka yake kai, yau da aka tsaga wuyansa, yana cikin sarƙa ko ba ya ciki? Ka tuna hannun mutum ne ya tsaga. In ka ce aikin mutum ba ya sauya suna, za mu rubuta haka, kowa ya koma gidansa."

Ƙofa ce aka buɗe masa har bango. Ba sai ya ambaci saiwa ba, ba sai ya kalli Dakta ba. Yaya ta miƙe tsaye ba ta sani ba.

"Baba," ta ce.

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma zauren ya yi shiru, kowa ya ji. Baba ya juyo da kansa.

"Wace ce wannan?" shugaba ya tambaya.

"'Yata ce, ranka ya daɗe. Ka yi mata uzuri. Na koyar da yara ba iyaka, ita kaɗai ce ta gagare ni. Sifiri, zauna. Nan ba wurin sayar da dashe ba ne."

Aka yi 'yar dariya, irin wadda mutane suke yi suna kallon ƙasa. Ta zauna. Kunyar ba ta dame ta ba kamar yadda ta zata, ta saba. Abin da ya dame ta shi ne ta riga ta ji amsar a muryarsa.

Dakta ya ɗan taso daga kujerarsa, ya ce a hankali, "Malam, ka ce eh kawai. Ba sai ka yarda da ni ba."

Wannan ne ya ƙarasa aikin. Baba ya gyara wuyan kwat ɗinsa.

"Ba na karɓar satar amsa daga ɗalibi. Ranka ya daɗe, ma'ana ba ta tambayar wa ya yanke. Ruwa ne, girgizar ƙasa ce, katafila ce, duk ɗaya. Ƙafa ta sauka fili ko ba ta sauka ba? Ta sauka. Tsaunin nan tilo ne. Ba ya cikin sarƙa. In na faɗi wani abu daban don gidana yana kai, to duk abin da na koyar ƙarya ne."

Mutanen kamfani suka tafa. Auta ne ya fara tashi, ya je ya riƙe hannun mahaifinsa ya ɗaga. Shugaba ya mayar da tabaransa, ya yi rubutu, ya ce za a ba mazauna tsaunin wa'adi su kwashe kayansu. Dakta ya tattara 'yan duwatsunsa biyu ya zuba a aljihu ya fita. Masu lambu suka wuce ta gaban Yaya ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yi mata magana. Wata mata da ta daɗe tana sayen lemo a wurinta ta yi tsaki daidai kanta, kamar ita ce ta yi bayanin.

A waje rana ta take. Auta ya buɗe wa Baba gaban mota, ya zaunar da shi, ya ɗaura masa bel. Kujerar baya cike take da naɗaɗɗun taswirori da hulunan kwano na ma'aikata. Yaya ta tsaya a gefe da filas.

"Baba zai wuce wurina daga nan," in ji Auta. "An gyara masa ɗaki, har da kantar littattafai. Ki haɗa masa kayansa, direba zai zo ya ɗauka. Littattafan ki bi da su a hankali."

"Tun yaushe aka gyara ɗakin?"

"An ɗan jima."

"Ni fa?"

Ya sosa ƙeya, ya kalli agogo. "Kin san gidan, Yaya. Ɗakin baƙi ɗaya ne, yara kuma sun girma. Na yi magana da madam, ta ce da rana za ki iya zuwa, dama tana neman mai taya ta da hidimar Baba, tunda kin san kansa. Kwana ne dai babu wuri."

"Dashena fa?"

"Ki sayar. Ko ki bari, in an gama aiki kamfani yakan shuka itatuwa a bakin hanya, sai in sa baki a karɓi naki."

Ta bar shi, ta zagaya wajen tagar Baba. Yana zaune yana murmushi shi kaɗai, leɓunansa suna motsi, yana maimaita wa kansa abin da ya faɗa a ciki. Ta ƙwanƙwasa gilashin. Ya lalubi maɓallin ya sauke.

"Kin ji yadda suka yi dariya?" ya ce. "Bai ƙara cewa uffan ba. Shekara da shekaru ina jiran yau."

"Na ji, Baba."

"Ba ki gane ba dai, amma kin ji. Zuba mini shayin nan, maƙogwarona ya bushe."

Ta zuba a murfin filas ta miƙa masa. Kaɗan ya zube a yatsunta, ya ƙone ta. Ta jira ya sha. Tsoro ne a ranta tsantsa, irin wanda ba ta taɓa ji ba, don duk wulaƙancin da ta sha a gidan can, aƙalla akwai ƙofar da take rufewa ta kwanta.

"Baba, in an rushe gidan, ina zan kwana?"

Ya shanye shayin, ya karkaɗe murfin, ya miƙo mata. Ya ɗan yi tunani, tsakaninsa da Allah, kamar yadda yake yi in ɗalibi ya kawo tambayar da ba ta cikin darasi.

"Wannan ba fannina ba ne," ya ce.

Auta ya tayar da mota, ya ɗaga gilashin daga ɓangarensa saboda sanyin na'ura kar ya fita.